Ciki da ciwon dasashi: yadda na lallaɓa haƙorana har na sauka

Abu na farko da laulayi ya raba ni da shi shi ne man goge baki. Abinci ma daga baya ya biyo. Tun cikin bai cika wata biyu ba, da na buɗe murfin man nan ƙamshin na'a-na'a ya bugi hancina, sai zuciyata ta fara tashi. In kuwa na yi ƙarfin hali na kai buroshi kan turamen can ciki, to sai na mayar da duk abin da na ci. Wanda bai taɓa laulayi ba zai ce raki ne. Minti biyun nan da ake cewa a yi ana goge baki safe da dare, ni a lokacin ko rabin minti na samu sai in gode wa Allah.

Da na je awon farko, bayan an ɗebi jini da fitsari an ɗora ni a sikeli, ungozomar ta tambaye ni ko akwai wani abin da ke damuna. Na kawo mata maganar buroshi. Ta ajiye birorta ta ce, "Malama, bakin ma yana cikin awo. Gogewa dai ba za ki daina ba, dabara za mu sauya." Ta ce in nemi buroshi mai ƙaramin kai, mai taushi, ko da na yara ne. In sauya mai zuwa wanda ƙamshinsa bai da ƙarfi, amma in duba kwalin in tabbatar akwai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, a ciki tsakanin 1,350 da 1,500 a ma'aunin ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan, don wasu mayukan ƙananan yara nasu bai kai haka ba. Kuma kada in ce lallai sai da farar safiya, in bari sai hantsi ya dubi ludayi, lokacin da zuciya ta ɗan kwanta. Ni kuma na ƙara nawa dabarun da na gano a gaban madubi: in sunkuyar da kai sosai don kada kumfa ta gangara maƙogwaro, in riƙa numfashi ta hanci, in fara da haƙoran gaba, in tsaya in huta, sannan in lallaɓa zuwa turame. Ranar da abin ya ƙi sam, sai in goge da ruwa zalla, in lakato man da yatsa in shafa a haƙoran, in tofar. Ta kuma ce in na gama gogewa in tofar da kumfar kawai, kada in bi da ruwa, saboda fuloraid ɗin ya samu zama a kan haƙori ya yi aikinsa. Wannan ya fi ba ni wuya, don mai tashin zuciya ba ta son ɗanɗanon komai ya kwana a bakinta. Sai da laulayin ya yi sauƙi na iya riƙe shi yadda ya kamata.

Kan batun amai kuwa, tun kafin in tambaya ta rigaye ni. Duk wanda ya yi amai, abin da zuciyarsa ke ba shi shi ne ya ɗauki buroshi nan take ya dirje bakin ya rabu da ɗacin. Ta ce wannan ne lokacin da ya fi kowane haɗari. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, amma tsami na narka shi. A ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke yin ƙasa gwargwadon ƙarfin tsamin, ɓawon haƙori kan fara narkewa daga 5.5 zuwa ƙasa. Ruwan tsamin da ke cikin tumbi kuwa yana tsakanin 1.5 da 3.5. Idan ya wanke haƙora, saman ɓawon kan yi laushi na ɗan lokaci, in aka bi shi da buroshi a wannan hali sai a kankare shi da hannu, kuma abin da ya tafi ba ya sake tsirowa. Miyau ne ke gyara ɓarnar, yana kashe tsamin yana mayar wa ɓawon sinadaran da ya rasa, amma yana buƙatar lokaci. Don haka ƙa'idar ita ce a kurkure da ruwa, ko a zuba ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa a kurkure a tofar, sannan a jira daga rabin awa zuwa awa guda kafin a goge. Bekin soda fa, ba bekin foda ba, abu biyu ne daban.

Na haɗa ruwan nan a gora na ajiye a bakin gado da banɗaki. Na san yana aiki ne ta hanyar harshena. Bayan amai haƙorana kan mutu, in na haɗa na sama da na ƙasa in ji suna gurzar juna, bayan haƙoran gaba na sama kuwa, inda ruwan aman ya fi duka, in na shafa da harshe sai in ji garas-garas. Da na kurkure da ruwan sodar, kafin wani lokaci santsin ya dawo.

Wajen wata na uku, laulayi ya fara ja da baya, sai jini ya karɓi wurinsa. Kumfar da nake tofarwa ta koma ruwan hoda, wani lokacin ja sosai. Naman da ke tsakanin haƙoran gaba na ƙasa, wanda a da yake da tsini yana manne da haƙori, ya kumbura ya yi sulɓi yana ƙyalli. Ba ya ciwo, abin da ke sa a raina shi ke nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na masu juna biyu suna samun wannan kumburin dasashi. Dalilin kuwa sinadaran ciki ne, furojestaron da istirojin, waɗanda ke hauhawa tun daga farkon ciki har ƙarshensa. Suna buɗe ƙananan jijiyoyin jini, jinin jikin mace kansa yana ƙaruwa da kusan rabi, garkuwar jiki kuma ta sauya yadda take fuskantar ƙwayoyin cuta. Sai ya zama 'yar dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, wadda a da dasashi ke haƙuri da ita, yanzu ba ya ɗaukarta. Amma sinadaran su kaɗai ba sa kawo kumburin, sai sun tarar da dauɗar. Wannan ne ya sa wurin da ke zubar da jini shi ne wurin da ya fi buƙatar buroshi, duk da hannu kan so ya kauce masa.

A daidai wannan lokaci Yayata ta zo duba ni. Ita ta haihu da yawa, kuma turamenta biyu sun tafi. Da ta ji zan je wurin likitan haƙori, sai ta kama haɓa. "Da cikin? Ki rufa wa kanki asiri, ki bari ki sauka. Ai kowane ciki da haƙorin da yake ci, yaron ne ke zuƙe miki ƙarfinsu, ba abin da likita zai yi." Na ce, "Yaya, ungozoma ce ta tura ni." Ta ce, "To Allah ya kyauta." Ban ga laifinta ba. Wannan magana ta ciki ɗaya haƙori ɗaya akwai ta a ƙasashe da yawa, kuma ba daga iska aka samo ta ba, don bincike ya nuna matan da suka fi yawan haihuwa sun fi rasa haƙora. Inda na saɓa da ita shi ne dalilin. Wata tara na amai, da ciye-ciye a kai a kai, da gajiyar da ke sa a kwanta ba a goge baki ba, da dasashi mai kumburi, sannan a ɗora da "a bari sai an haihu". Bayan haihuwar kuma ga jego ga raino, wa ke da lokacin layin likitan haƙori? Kafin a ankara wani cikin ya shiga, an sake ɗagawa. Ɗan ƙaramin kogon da ciko zai tare a ciki na farko, shi ne haƙorin da ake cirewa a na uku.

Na samu ganin likitan ne da cikin ya shiga wata na huɗu. Tun a takardar da aka ba ni in cike akwai tambayar ko ina da ciki da kuma makonni nawa, kuma ko da ba a tambaya ba ya kamata mace ta faɗa, ko da zato take bai tabbata ba. Ya karɓi katin awona ya duba hawan jini, ya tambayi magungunan da nake sha, da ko na taɓa ɓari, da ko likitan mata ya ce cikin na da wata matsala. Ya ce da akwai, da sai ya yi magana da su kafin ya taɓa komai. Sannan ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zanen milimita a jikinsa, yana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, yana kiran lambobi, mataimakiyarsa na rubutawa. Biyu, uku, biyu, uku, huɗu. Na tambaye shi me ake ƙirgawa. Ya ce zurfin ramin da ke tsakanin nama da haƙori ne. Daga milimita 1 zuwa 3 lafiya lau, daga 4 zuwa sama a sa ido. Nawa huɗun na kumburi ne, naman ne ya taso, ƙashin da ke riƙe da haƙoran bai taɓu ba. Wannan bambancin shi ne komai, in ji shi: kumburin dasashi yana warkewa sarai in an tsaftace wurin, amma in ya gangara ya fara cin ƙashi, abin da ya ci ba ya dawowa.

A zaman nan aka yi mini wankin haƙori. Dauɗar da ta kwana biyu ba a goge ba takan daskare ta zama kamar dutse, musamman a bayan haƙoran gaba na ƙasa inda miyau ke fitowa, kuma in ta kai haka babu buroshin da zai cire ta. Na'urar wankin tana wani siririn kuka mai shiga kunne, tana fesa ruwa, ga wani bututu a gefen baki yana tsotse ruwan. Zafi babu sosai, sai dai tsirawa a wasu wurare, jini kuwa ya zuba. Da na kurkure na tofa a ɗan kwanon da ke gefen kujera, sai na ga ɓarɓashi rawaya-rawaya da baƙi-baƙi, na kai harshe bayan haƙoran na ji gibi-gibin da ban san akwai su ba. Mataimakiyar ta koya mini amfani da zaren sakace: a naɗe shi a yatsun tsakiya, a zura tsakanin haƙora a hankali ba da fizga ba, a lanƙwasa shi ya rungumi gefen haƙori, a goga sama da ƙasa har ya ɗan shiga ƙarƙashin naman. Buroshi kuma a karkata shi bakin gashinsa ya kalli inda nama ya haɗu da haƙori. Ta ce kwanakin farko jinin zai ƙaru, kada in tsorata. Haka aka yi, bayan kamar mako biyu ya ragu ƙwarai, ko da yake bai ɗauke gaba ɗaya ba sai da na haihu.

Inda na tirje shi ne da ya ce yana son ɗaukar hoton wani turmi na ƙasa, don ya ga inuwa a gefensa. Na ce, "Likita, hoto da ciki?" Bai yi gaggawa ba. Ya ce hasken da ake amfani da shi a ƙaramin hoton haƙori guda kwatankwacin wanda jikin kowa ke sha ne daga ƙasa da sararin sama a yini ɗaya, kuma muƙamuƙi ake saitawa, nesa da mahaifa. Ya ce ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka, ACOG, ta fitar da matsaya tun a 2013 cewa hoton haƙori da allurar kashe zafi ta lidoken ba su da haɗari ga mai ciki, kuma abin da ke buƙatar magani nan take, ciko ne ko cire haƙori ko cire jijiyarsa, ana iya yinsa a kowane wata na ciki. An ɗora mini rigar darma mai nauyi a ƙirji da ciki kafin a ɗauka. Daga baya na ji cewa a 2024 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ce da na'urorin zamani rigar ma ba dole ba ce, amma ni dai a ranar ta kwantar mini da hankali, kuma wannan ma wani abu ne.

Hoton ya nuna kogo a tsakanin turame biyu, wurin da ido ba ya gani, bai kai ga jijiya ba tukuna. Ban taɓa jin ciwonsa ba. Nan ne shawarar Yaya ta dawo mini, don ga haƙori ba ya ciwo, me zai hana a bari? Likitan ya zayyana mini lissafin. Kogo ba ya tsayawa don ana da ciki, hasali ma a bakin da ke fama da tsami da ciye-ciye sauri yake ƙarawa. In ya kai jijiya a wata na takwas, ga ciwon da ke hana barci da cin abinci, ga yiwuwar ya tara mugunya fuska ta kumbura zazzaɓi ya shigo, a lokacin da zaman kujerar ya fi wahala kuma magungunan da za a iya ba ni suka fi ƙaranci. Tsakiyar ciki, musamman daga mako na 14 zuwa na 20, shi ne lokacin da ya fi daɗin aiki: gaɓoɓin yaro sun riga sun haɗu, amai ya lafa, ciki bai yi nauyi ba.

Ranar cikon, ya fara shafa wani mai a dasashin wurin ya ɗan mutu, sannan allurar ta shiga can ƙuryar baki. Kafin minti biyar rabin leɓena na ƙasa da gefen harshe sun zama ba nawa ba. Zuciyata ta ɗan yi sauri na 'yan daƙiƙu, na ɗaga hannu, ya tsaya. Ya ce ɗan sinadarin adirinalin da ke cikin allurar ne, ana sa shi don maganin ya daɗe a wurin, kuma wanda jikina zai fitar da kansa in aka yi aikin ina jin zafi ya fi wannan yawa. Da injin ya fara kuka, sai na ji motsi a marata, ɗan ƙaramin shuri sau biyu, na kusa yin dariya da baki a buɗe. Ya share ruɓaɓɓen wurin, ya cike da farin ciko kashi-kashi, kowane kashi ya haska masa shuɗiyar fitila ya daskare, ya ba ni wata takarda mai launi in ciza don ya ga inda ya yi tudu ya goge. Na tambaye shi dalilin da bai sa irin baƙin cikon nan mai kama da azurfa ba, wanda nake da guda tun ina yarinya. Ya ce amalgam ke nan, akwai sinadarin makuri, wato zaiba, a cikinsa, Tarayyar Turai ta hana sa wa masu ciki shi tun 2018 sai da larura, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ita ma ta ba da shawarar a kauce masa a 2020. Amma tsohon nawa da ke zaune lafiya ba za a taɓa shi ba, don wajen fasa shi ne tururin ya fi fita. Maganar ƙara wa haƙora fari da sauran gyaran kwalliya kuwa, ya ce wannan kam a bari sai bayan haihuwa.

Ya rubuta mini farasitamol ko da wurin zai yi tsami, ya kuma ja mini kunne kan magungunan ciwon haƙori da mutane ke saya da kansu. Ibufurofen da danginsa, FDA ta yi gargaɗi a 2020 cewa a guje su daga mako na 20, don suna iya taɓa ƙodar yaro ruwan mahaifa ya ragu, daga wajen mako na 30 kuma suna iya rufe wata jijiyar jini kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Tetirasaikilin kuwa, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana shiga haƙoran yaron da ke haɗuwa ya rina su, rinin da ba ya fita. In mugunya ta taru har ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, akwai irin su amoksilin da ake ba masu ciki, amma likita ne zai rubuta.

Maganar rinin nan ce ta sa na gane cewa tun yaro na ciki haƙoransa ke nan tafe. Tushensu kan fara bayyana wajen mako na 6, kafin mace da yawa ta ma tabbatar tana da ciki, daga wata na huɗu kuma su fara tauri, har ya zamana ranar haihuwa duka haƙoran farko guda 20 suna ɓoye a cikin muƙamuƙi. Kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori, wanda yaro ke tarawa kafin a haife shi ya kai kimanin giram 30, mafi yawansa a watanni ukun ƙarshe. Daga abincin uwa yake samunsa, hanjinta ma kan ƙara ƙwazon tsotso shi a lokacin ciki, in kuma bai isa ba sai jiki ya ranto daga ƙasusuwanta. Daga haƙori dai babu hanyar da zai bi, don ɓawon haƙori ba shi da jijiyar jinin da za ta ɗebo. Abin da ake so mai ciki ta samu a yini miligiram 1,000 ne, wadda ba ta kai shekara 19 ba kuma 1,300. Na faɗa wa Yaya wannan a waya, ta ce, "Ku dai 'yan boko." Amma ta tambaye ni ko wankin na da zafi.

Abin da ya fi ba ni aiki a tsakiyar cikin shi ne baki da ba ya hutawa. An ce mai ciki ta riƙa ci kaɗan-kaɗan a kai a kai don tashin zuciya da ƙwannafi, kuma gaskiya ne yana taimako. Sai dai duk sanda wani abu mai sukari ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke jikin haƙori kan mayar da shi tsami, kuma sai an ɗauki kamar minti 20 zuwa 30, wani lokaci fiye, kafin miyau ya daidaita wurin. Wadda ta sha abin zaƙi kofi guda a zama ɗaya ta jawo hari ɗaya, wadda ta yi ta kurɓar kofin nan tun safe har azahar kuwa haƙoranta ba su fita daga tsami ba. Ban yi faɗa da kwaɗayi ba, don ba a cin nasara a kansa. Na dai mayar da kayan zaƙi su biyo bayan abinci kai tsaye, tsakanin abinci kuma in nemi abin da babu sukari, in bi komai da ruwa, wani lokaci in tauna cingam marar sukari don ya tsinko miyau. Na kuma lura wasu magungunan ƙwannafi na taunawa da alewar da ake tsotsa don tashin zuciya suna ɗauke da sukari, kuma da dare aka fi shan su, lokacin da miyau ke raguwa.

A wata na shida wani ɗan tsiro ya fito mini tsakanin haƙoran sama biyu, ja jawur, mai laushi, ko abinci ya taɓa shi sai jini. Cikin 'yan makonni ya ninka girmansa. Na tsorata ƙwarai, don duk tsiron da ke girma da sauri tunani ɗaya yake kawowa. Likitan ya duba ya ce ba daji ba ne, tarin ƙananan jijiyoyin jini ne da ke tsirowa inda dasashi ya fusata, yana samun har kusan kashi 5 cikin 100 na masu ciki, kuma yawanci yakan motse da kansa bayan haihuwa. In an yanke shi da ciki yana iya dawowa, don haka sai in ya hana tauna ko jinin ya yi yawa ake taɓa shi. Ya tsaftace gefensa ya ba ni ruwan kurkure baki na kuloheksidin marar barasa na ɗan gajeren lokaci, ya ce in an daɗe ana amfani da shi yana sa haƙora su yi duhu. Ya kuma tambayi sakamakon gwajin sukarin da ake yi tsakanin mako na 24 da na 28, don ciwon sukarin ciki da ciwon dasashi suna ƙara wa juna ƙarfi. Nawa ya fito lafiya.

A nan na yi masa tambayar da ke cina tun da na karanta cewa ciwon dasashi na sa a haifi bakwaini. Amsarsa ta burge ni, don bai tsorata ni don in riƙa zuwa ba. Ya ce tun wani bincike na 1996 a Amurka aka lura matan da ciwon ya ci musu har ƙashi sun fi haihuwa kafin lokaci ko haifar yaro marar nauyi. Amma da aka yi babban gwaji da mata 823, wanda aka buga a 2006, aka yi wa rabi magani da ciki aka bar rabi sai bayan haihuwa, an ga maganin bai cutar da kowa ba kuma ya gyara dasashin, sai dai bai rage yawan bakwaini ba. Don haka alaƙa akwai, amma ba a tabbatar ɗaya ne ke haifar da ɗaya ba. Ni wannan ya ishe ni. Bakin nawa ne, ba sai an rataya masa ran yaro ba kafin ya cancanci kulawa.

Zuwan da na yi a wata na takwas ɗan gajere ne, wanki kawai, don a nan kumburin ya fi tsanani. Ba a jima da kwantar da kujerar ba na ji jiri, gumi mai sanyi ya karyo mini. Mataimakiyar ta ɗago ni, ta cusa matashi ƙarƙashin ƙuguna na dama na karkata hagu, nan da nan na dawo daidai. Nauyin mahaifa ne ke danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya in mai tsohon ciki ta kwanta rigingine. Aka ƙarasa aikin ina kusan zaune, ana tsayawa ina hutawa. A makonnin nan ƙwannafi ya dawo da matsalar tsami, don yana tasowa har baki cikin dare, sai gorar ruwan soda ta koma bakin gado, na ƙara matashi, na daina cin abinci dab da kwanciya.

Bayan na sauka, jinin dasashi ya ɗauke cikin 'yan makonni, tsiron nan kuma ya yi ta motsewa har ya rage ɗan ƙullutu mai tauri da zare ke maƙalewa a jikinsa. Da na koma da jaririyar a kafaɗa, likitan ya cire ragowar cikin 'yan mintuna, ya sake auna ramukan, babu wanda ya wuce uku. Ya ce allurar kashe zafin ba ta hana shayarwa. Sannan ya juya kan yarinyar. Jariri ba a haifarsa da ƙwayar cutar da ke ruɓar da haƙori, yawanci daga miyan uwa yake samunta, ta cokalin da ta ɗanɗana ta ba shi ko abin tsotso da ta lasa, kuma uwar da ke da kogon da ba a cike ba ta fi yawan ƙwayar a bakinta. Ya ce in riƙa goge mata dasashi da tsumma mai tsabta da ɗan danshi. Haƙorin farko kan fito wajen wata shida, daga ranar sai buroshi da man fuloraid ɗan ɗigo kamar ƙwayar shinkafa, kuma in kawo ta a duba kafin ta cika shekara. Mataimakiyar ta rubuta mana rana ɗaya ni da ita a kati guda.